Na ce wa oga na san Legas, ga shi an tura ni ni kaɗai

Assalamu alaikum Yaya. Ni ƙanenka ne daga Tudun Wadan Zariya, shekarata 27. Wata takwas ke nan da na samu aiki a wani kamfanin iri da taki mai reshe a Sabon Gari. Tun da aka haife ni iyakata Kaduna da Kano, sai Abuja sau ɗaya cikin ayarin ɗaurin aure. Ko bautar ƙasa a Katsina na yi.

Makon jiya ana cikin taro oga ya ce za a tura mutum ɗaya horo na kwana biyar a babban ofishinmu da ke Victoria Island, sai ya tambaya wa ya san Legas. Wallahi Yaya ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na ga abokan aiki sun zuba min ido, sai na ƙara da cewa ai na sha zuwa. Yanzu an yankar min tikitin jirgi daga Kaduna ranar Lahadi, in dawo Lahadin sama, an kuma tura min kuɗin otal da na abinci a asusuna. Ni kuwa ko filin jirgi ban taɓa shiga ba.

Umma tun da ta ji labari ba ta barci, kullum sai ta kawo min labarin wani da ya je Ikko aka neme shi aka rasa. Ga kuma ɗan ƙanen babana da ke zaune a Agege ya ce in sauka wurinsa in adana kuɗin otal, tunda ina haɗa lefe. Kaina ya kulle. In ce ba ni da lafiya a tura wani? In je in yi shiru da bakina? Ko in faɗa wa oga gaskiya in sha kunya?

Ƙanenka, daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanena.

Ka yafe min, sai da na yi dariya kafin na ɗauki alƙalami. Na yi ta ne don na san hannun nan da ke tashi ba da izinin mai shi ba, nawa ma ya taɓa tashi. Batun ƙaryar ciwo kuwa ka cire shi daga ranka tun yanzu. Wata takwas kacal da kama aiki a ce kai za ka wakilci reshen Zariya a babban ofis, wannan ba abin da ake mayarwa ba ne. Wanda aka tura a madadinka shi za a san fuskarsa a can, shi za a tuna ranar da ake rabon ƙarin girma. Za ka tafi, in sha Allahu.

Amma kafin ka haɗa jaka sai ka shiga ofishin oga. Na san nan ne ƙafarka ke nauyi, shi ya sa na fara da shi. Bar ma maganar zunubin ƙarya, wannan ka san shi tun a makarantar allo. Dubi abin da ta riga ta jawo maka. Da an san baƙo za a tura, da an ce wane zai tare ka a filin jirgi, da an kama maka ɗaki kusa da ofis, da an ba ka lambar wanda za ka kira in ka rikice. Da ka ce ka sha zuwa, sai aka zuba maka kuɗi a asusu aka ce Allah ya kiyaye hanya. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kai kuma ka sallami ɗan jagora da bakinka. Sannan ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar Litinin da safe wani a can zai tambaye ka ta wace gada ka bi, ka tsaya kana kallonsa.

Ba sai ka yi dogon sharhi ba. Ka same shi shi kaɗai, ka ce: "Ranka ya daɗe, ranar nan zumuɗi ya sa bakina ya riga ni. Gaskiya ban san Legas ba, amma ina son tafiyar kuma zan yi abin da aka tura ni. Ina neman a haɗa ni da wani a babban ofis." Shi ke nan. Zai yi maka tsiya, wataƙila har ta zama abin tsokanarka a ofis na wata guda. Da wuya ya janye ka, tikiti da sunanka aka yanka. Kuma duk shugaban da ya san aikinsa ya fi natsuwa da yaron da ke iya cewa ban sani ba, domin gobe kuɗin manoma da buhunan taki za a damƙa masa. Abu uku za ka fito da su daga ofishin: lambar mutum guda a can wanda ya san da zuwanka, sunan masaukin da 'yan sauran rassa ke sauka in sun zo horo, da amsar ko kuɗin da aka ba ka sai ka kawo rasit ko kuwa naka ne ko ta yaya ka kashe.

Bari in ba ka nawa labarin, don ka san ba daga littafi nake karanto maka ba. Zuwana na farko lokacin ana yayin molue ne, manyan motocin nan masu ruwan ɗorawa da ake cusa mutane kamar buhunan gyaɗa. An tura ni taro a Marina ƙarfe tara na safe. Na sauka wurin wani ɗan'uwa a Agege, daidai irin tayin da aka yi maka, don ni ma ina da abin da nake tara wa kuɗi. Na tambaye shi nisan wurin, ya ce ba nisa. Na lissafa da agogon Zariya, na fito ƙarfe bakwai ina ganin na yi sammako. A Oshodi zan canja mota, kwandastoci na ta kiran sunaye da sauri kamar masu gwanjo, ban gane ko ɗaya ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Na ga jama'a na rububin wata mota na bi su. Sai da muka yi nisa wata dattijuwa Bayarabiya mai tallan burodi ta dube ni ta ce, "Malam, ina za ka?" Na ce Marina. Ta tafa hannu ta kira sunan Allah, ta sa aka tsayar da mota, ta nuna min inda zan tsallaka. Motar Mile 2 na hau. Na isa taro sha ɗaya ta wuce, riga ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya an take shi ya buɗe baki. Ba ɓarawon da ya taɓa ni a tafiyar nan kaf. Ni na cuci kaina.

To ga maganar Agege. Legas kashi biyu ce ga baƙo: akwai tudu, inda Ikeja da Agege da Oshodi da Yaba da Surulere suke, akwai tsibiri, inda Marina da Obalende da Ikoyi da Victoria Island suke. Ruwa ne a tsakani, gadoji uku suka haɗa su: Carter, Eko, da Third Mainland. Ita ta ukun, wadda aka kammala a 1990 zamanin Babangida, tsawonta kilomita 11.8, kusan kamar daga PZ zuwa Samaru, galibi a kan ruwa. Yawancin ma'aikata a tudu suke kwana, a tsibiri suke aiki. Kowace safiya gari guda ke kwarara ta kan gadojin nan uku, da yamma ya sake kwararowa baya. Daga Agege zuwa Victoria Island bai kai daga Kwangila zuwa Jaji ba, amma a ranar aiki gosulo na iya cinye maka awa biyu ko uku. Shi ya sa za ka ga mutane a tasha tun kafin kiran assalatu. Ɗan'uwanka zai ce maka ai yanzu akwai jirgin ƙasa, kuma gaskiyarsa: jan layin da aka buɗe a 2024 ya ratsa Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba. Sai dai a Oyingbo yake tsayawa, a tudu, gada na nan gabanka. Mutanen garin sun saba, jikinsu ya horu. Kai kwana biyar gare ka, kuma ba gwajin juriya aka tura ka ba. In ka tashi ƙarfe huɗu ka koma gida goma na dare, a aji gyangyaɗi za ka yi, kuma abin da za a riƙe game da reshen Zariya ke nan.

Game da kuɗin, in an ce sai da rasit, to magana ta ƙare. Kada ka yarda wani ya ce zai samo maka rasit ɗin otal ɗin da ba ka kwana ba. Ana yi, na sani, kuma na ga wanda aka sallama a kan abin da bai kai kuɗin akwati ɗaya ba. In kuma an ce naka ne, halal ne ka rage, amma ka rage ta hanyar da ba za ta ci aikin ba. Otal a Victoria Island wuta ne, ba sai a nan za ka sauka ba. Mutumin da za a haɗa ka da shi ya san masu rangwame a kusa, ko a ƙalla a Yaba ko Surulere, bakin gada. Lefe ba zai cika da kuɗin kwana biyar ba, aikin ne zai cika shi. Ɗan'uwanka kuma kada ka watsa masa ƙasa a ido. Ka ce masa kana nan tafe ranar Juma'a da dare ka kwana biyu, ka ga ka sada zumunci, ka kuma rage kuɗin dare biyu ba tare da ka cuci kowa ba. Ga shi Agege kusa take da filin jirgi, ranar komawa ka huta.

Jirgi ba abin tsoro ba ne, wanda ya saba da direbobin hanyar Kaduna ya ga abin da ya fi shi. Ka bar Zariya da wuri, domin filin jirgin Kaduna yana can bayan Mando, ba a cikin gari ba, kuma ka kasance a wurin awa biyu kafin tashi. Ka riƙa duba saƙonnin wayarka tun jajibiri, jiragenmu na sauya lokaci. Katin shaida mai sunan da ya yi daidai da na tikiti ya kasance a aljihun gaba. Reza, almakashi da 'yar wuƙar yankan farce su shiga babbar jakar da za a auna, fawa-bank kuwa a jakar hannu ake so. In kunnenka ya toshe a sama ka haɗiyi yawu ko ka tauna cingam. Abin da ba ka gane ba ka tambayi masu kayan aiki, ba wanda zai rubuta a goshinka cewa yau ka fara. Kamar awa ɗaya da 'yan mintuna za ka ga rufin kwano ba iyaka, ka iso filin Murtala Muhammed a Ikeja. Wurin tashin jiragen cikin gida biyu ne a can, ba a gini ɗaya suke ba, don haka ka tabbatar daga wanne jirgin komawarka zai tashi. Mutane da yawa sun rasa jirgi suna zaune lafiya lau a ɗaya ginin.

Da ka fito za a yi maka caa, wannan na cewa taksi, wancan na kama jakarka. Ka riƙe kayanka, ka ce akwai mai zuwa ɗaukarka, ko da babu. Tun a Zariya ka sauke Bolt ko Uber a wayarka ka koyi yadda ake kira. In motar ta zo ka duba lambarta da fuskar direba su yi daidai da abin da waya ta nuna, sannan ka tura wa wani bayanin tafiyar. Kuma ka yi hattara da Lahadi, mayaudariya ce. Za ka ga titi fayau, ka haye gada cikin minti kaɗan, ka ce ashe duk zuzutawa ce. Litinin za ta ba ka amsa. Da yammacin Lahadin, in da sauran rana, ka je ka ga ƙofar ofishin da idonka ka dawo. Ranar farko ka isa da awa guda a hannu, gara ka zauna kana hira da maigadi.

Wani abin da zai ba ka mamaki: a nan in ka makara sai ka ɗaga wa ɗan acaba hannu. A can tun watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaba a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja, Surulere, Legas Island da Eti-Osa, wadda Victoria Island ke cikinta. In aka kama, har fasinja ake haɗawa. Za ka ga masu yi a ɓoye, da yawansu ma yaranmu ne, za su kira ka da Hausa. Ka gaishe su ka wuce. Haka tsallaka babban titi a inda akwai gadar ƙafa, kamu ake yi a kai, ban da cewa motocin ba sa rage gudu don kowa. Dogayen motocin BRT, waɗanda suka fara aiki a 2008, suna da layinsu na kansu a wasu hanyoyin, da kati ake shiga mai suna Cowry, ana sayarwa a tashoshinsu. Su ne mafi kwanciyar hankali ga baƙo mai son araha. Danfo, ƙananan bas masu ruwan ɗorawa, ka bari sai kana tare da ɗan gari. In ta kama dole, ka shiga a tasha inda ake lodi, ka tambayi inda za ta tun kafin ka sa ƙafa, ka tanadi canji. In ba ka da shi kwandasta zai haɗa ka da wani fasinja ya ba ku takarda ɗaya ku je ku raba, su a can ɗaurin aure suke kiran wannan. In za ka sauka ka ɗaga murya ka ce "owa", in ka yi kunya sai an wuce da kai.

Abin da Umma ke ji ba duka ne tatsuniya ba. Akwai 'yan wan-cans, masu zuwa da mota kamar ta haya da mutanensu a ciki sun yi zaman fasinjoji, kwandasta na ihun saura mutum ɗaya. In ka shiga sai su karɓe waya da katin banki su tilasta maka faɗin lambar sirri. Sun fi ɗauka a bakin titi da duku-duku ko bayan magariba, wato daidai lokutan da mai kwana a Agege zai kasance a hanya. Maganinsu shi ne kada ka tari mota a inda ba tasha ba. A gosulo kada ka riƙe waya kusa da taga a buɗe. Kuɗinka ka raba biyu, katin da ke da kuɗin lefe ma ka bar shi a Zariya. Ka rubuta lambobi uku a takarda ka sa a aljihu saboda ko waya ta mutu, ka haɗa da 112 da 767, lambobin neman agajin gaggawa a jihar. In wani ya tare ka da labari, ko ya tsinci kuɗi ku raba, ko yana da kaya a tashar jirgin ruwa yana neman abokin tarayya, ko ya san babanka, kada ka tsaya ka ji ƙarshen zancen.

Sai maganar wa za ka tambaya, don matambayi ba ya ɓata amma sai ya san wa ya tambaya. Ka tambayi wanda ke zaune a wurin sana'arsa: mai shago, maigadin banki, mace mai sayar da abinci, ma'aikacin otal. Mai zaman wuri ba ya guduwa, kuma ba ya samun komai in ka ɓata. Wanda ya taso da kansa ya ce zai raka ka, shi ne abin lura. Za ka ji Hausa ko'ina, har ka yi mamaki. Mai shayi, mai tsire, ɗan canji, mai gyaran takalmi, masu gadin manyan gidajen Ikoyi, da yawa namu ne ko 'yan Nijar. Ba jiya muka je garin ba. Rundunar da Glover, Baturen mulkin Legas, ya kafa a 1863, wadda sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta, da sunan Hausawa aka san ta. Dogon nan da kake tsallakawa kullum a Sabon Gari, ɗaya bakinsa yana Iddo a Legas, kuma tun 1912 ya fara kai mutanenmu da shanu da gyaɗa yana dawowa da goro. Agege da za ka je akwai Sarkin Hausawa, kasuwar Mile 12 kuwa tumatir da albasa da tattasai na Arewa ne ke cika ta, wataƙila har da amfanin irin da kamfaninku ya sayar. Waɗannan mutanen za su nuna maka masallaci da inda ake tuwo. Amma ka riƙe wannan: wanda ya shirya cutar Bahaushe baƙo, da sallama da Hausa mai daɗi zai zo masa, don ya san a nan garkuwarka ke sauka. Jin yarenku ɗaya dalilin gaisawa ne. Bai kai dalilin bin mutum lungu ko ba shi ajiyar jaka ba.

Za a kira ka Aboki, wani ya ce Mola. Wani da raini yake faɗa, da yawa kuwa iyakar abin da suka sani ke nan. Kada ka ɓata ranka a titi. Kuma ihun da za ka ji suna yi wa juna ba faɗa ba ne, haka muryar garin take. Mutum biyu za su yi kamar za su dambace, minti ɗaya kuma suna dariya. Ka koyi "e kaaro" na gaisuwar safe da "e se" na godiya. Yarabawa mutane ne masu girmama gaisuwa kamar mu, dattijo in ka ɗan rusuna masa ka gama da shi.

Salla ba za ta yi maka wuya ba, Musulmi sun cika garin. Abu biyu kawai. Legas tana yamma da mu, rana na karkatawa a can bayan ta Zariya da kusan minti 17, don haka kada ka yi azahar da agogon masallacin unguwarku, ka gyara manhajar wayarka ko ka bi ladan. Na biyu, abin da muka karanta a zaure a mazhabar Malikiyya shi ne matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari cika salla zai yi. Kai mako za ka yi, ƙasaru ɗinka a hanya ne kawai. Ranar Juma'a ka faɗa wa mai kula da horon tun da safe cewa za ka fita masallaci, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. In da hali ka je babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe a 1988, yana tsakiyar kasuwa, ka riƙe takalminka a leda. Abinci kuma ka bi a hankali kwana biyun farko, miyarsu akwai yaji da manja, cikin da ya saba da kuka da kuɓewa yakan yi gardama. Ka tambayi irin naman kafin a zuba, ka sha ruwan roba. Amala da ewedu dai ka ɗanɗana ko sau ɗaya, kada ka je har Ikko ka ƙare a indomi da ƙwai wurin mai shayi. Ka ɗauki kaya marasa nauyi, zafin can mai gumi ne, ba busasshe irin namu ba, kuma in damina ce lema ta fi hula amfani.

A cikin ajin, kada hannun nan ya sake tashi kan abin da ba ka sani ba, amma ya tashi in kana da tambaya. Za ka ga 'yan can da Turanci kamar ruwa, kada ya razana ka. Akwai abin da ka fi su: ka tsaya gaban manomin masara a Giwa ko Soba yana gaya maka dalilin da ya sa bai sake sayen irin bara ba. Su a takarda suke ganinsa. In an zo maganar kasuwa ka faɗi abin da idonka ya gani. Da yamma za a ce a fita shaƙatawa. In cin abinci ne ka bi su, a nan ake sabo. In wurin ya wuce abin da za ka iya yi a gaban Umma, ka ce ka gaji, ba wanda zai riƙe ka. Ina faɗa maka wannan ne don a Zariya in ka yi tuntuɓe a Ƙofar Doka labari zai riga ka isa gida, a can kuwa ba wanda ya san ɗan gidan wane ne kai, ga ɗaki kai kaɗai, ga kuɗi a asusu. Na ga waɗanda suka tsallake 'yan wan-cans lafiya amma wannan ya kayar da su.

Umma kuma kada ka yi musu da ita, uwa ba ta jin lissafi a kan ɗanta. Ka zauna ka ba ta abin riƙewa: ga sunan masauki, ga lambar mutumin ofis, ga ta ɗan'uwanka, ka sa shi ya kira ta da kansa ya ce yana nan. Ka yanka mata lokaci, bayan asuba da bayan isha, kuma ka cika, domin kira ɗaya da ka tsallake daidai yake da kwana ba barci a wurinta. Ka roƙe ta ta sa maka albarka, ka ba ta abin sadaka ta bayar da hannunta. In ta ga akwai abin da ita ma take yi a kan tafiyar, hankalinta zai fi kwanciya.

Asabar taka ce, kuma zan ji haushi in ka kashe ta a kwance. Ka ja ɗan'uwanka ku shiga tsibiri da safe, ranar hanya da sauƙi. Ku fara da dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu daren 1 ga Oktoban 1960. Daga nan da ƙafa za ku isa gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A ciki akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta. A cunkoson motoci na Ikoyi suka tare shi, yana hanyar ofis ba tare da jerin gwano ba. Kullum kana ganin hotonsa a naira ashirin, tsayawa gaban motar nan wani abu ne daban. Har zuwa Disambar 1991 nan ne babban birnin ƙasa, kuma za ka ga alamar hakan a gine-ginen Marina. Sannan ku je bakin teku. Mutumin da iyakarsa Kubanni da Galma ya kamata ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Akwai kuɗin shiga a yawancin wuraren. Ka tsaya inda kumfa ke taɓa idon sawu, kada ka wuce nan ko da ka iya iyo, igiyar ruwan wurin tana ja ta ƙasa.

Tsaraba kada ta ɗaga maka hankali, kuma kada ka ci bashi a kanta. Atamfar lefe in ka ga mai kyau a kasuwar Balogun, ka kira wata yayarka ta bidiyo ta zaɓa, kada ka yarda da idonka, kuma ka bar ɗan'uwanka ya yi cinikin. Ranar Lahadi da safe kafin ka wuce filin jirgi ka sayi burodin Agege mai zafi guda biyu, ɗaya na Umma. Ka riƙe su a hannu, in ka tura su cikin babbar jaka waina za ka tarar a Kaduna. Ɗayan kuma ka aje wa oga a kan tebur ranar Litinin tare da rasit ɗinka.